Garin reniyam mai launin rawaya: halinsa, tsadarsa, da inda ake samunsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Da fatan kuna lafiya. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, kuma aikina a kan ɗaura sinadaran Schiff, waɗanda ake haɗawa daga amin da aldehaid, a jikin ƙarafa ne. Malamin da ke duba aikina ya ce in bar jan ƙarfe da nikel tunda kowa su yake yi, in gwada reniyam. Ya rubuta mini ReOCl3(PPh3)2 a takarda, ya ce da shi ake farawa. Na tambayi wani dillali, kuɗin gram ɗaya da ya faɗa mini ya ɗaga mini hankali, ya kuma ce sai an jira watanni kafin ya iso. Don Allah mene ne wannan sinadari, yaya halinsa yake, me ya kawo tsadar, kuma ina ake samun na gaskiya? Sannan wata ƙawata ta ce reniyam yana fitar da tururin nukiliya. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminki ya nuna miki ƙofa mai kyau, domin kusan duk wanda ya shiga aikin reniyam mai daraja ta biyar, wato wanda ya ba da ilektaron biyar, ta wannan garin rawaya ya shiga. Bari in fara da maganar ƙawarki, saboda mai tsoron kayan aikinsa ba ya aiki da natsuwa.

Ba ta yi ƙarya ba, rabin zancen ta ɗauko. Reniyam da ake haƙowa iri biyu ne a cakuɗe: mai nauyi 185, wanda ya kai kashi 37.4 cikin ɗari, da mai nauyi 187, kashi 62.6. Na biyun yana rikiɗa ya koma osmiyam, amma sai an shafe shekara wajen biliyan 41 kafin rabinsa ya rikiɗa, kusan ninki uku na shekarun da masana ke ƙiyasta wa sararin samaniya baki ɗaya. Abin da yake fitarwa kuma ba shi da ƙarfin da zai ratsa gilashin kwalba ko fatar hannu. Masu nazarin duwatsu ma da wannan jinkirin nasa suke auna shekarun ma'adinai. Waɗanda ake taka-tsantsan da su su ne masu nauyi 186 da 188, da ake ƙera su musamman don maganin ciwon daji a asibitocin nukiliya, kuma babu su a kwalbar da za ki saya. Haɗarin da ke gabanki na asid ne da ruwan narkarwa, zan zo kansa.

Ki ɗauki atam ɗin reniyam kamar sarki a tsakiyar fada, fadawa shida kewaye da shi: gaba, baya, dama, hagu, sama da ƙasa. Fadawan su ne muke kira ligan. A nan akwai oksijin ɗaya, kulorin uku, da fosfin biyu, wato PPh3, kowanne fosfaras ne riƙe da zoben fenil uku. Fosfin ɗin nan ƙattai ne, ba su iya zama kafaɗa da kafaɗa, shi ya sa suke zama ɗaya nan ɗaya can, sarki a tsakaninsu. Dalilin da za ki riƙa ganin kalmar trans a gaban sunan ke nan.

Oksijin shi ne na hannun daman sarki. A takarda layi biyu ake zanawa tsakaninsa da reniyam, amma a zahiri ɗaurin ya fi kusa da mai igiya uku, gajere ne, bai kai angistirom 1.7 ba. Wannan riƙo shi ke juya al'amarin fadar duka. Reniyam a nan ya ba da ilektaron biyar daga cikin bakwai ɗinsa na waje, saura biyu, kuma ƙarfin oksijin ya tilasta musu shiga ɗaki ɗaya su zama tagwaye. Saboda haka sinadarin ba ya amsa kiran maganaɗisu, abin da ke nufin za ki iya duba shi da duk 'ya'yan da kika fitar daga jikinsa a injin NMR, mai karanta tsarin sinadari da maganaɗisu, ki sami layuka tsaf. Duk wanda ya sha fama da jan ƙarfe mai daraja ta biyu, inda layukan ke bajewa su zama tudu ɗaya, ya san girman wannan alheri. Abu na biyu, kulorin da ke zaune daura da oksijin ta bayan sarki riƙonsa ya fi na sauran biyun sako-sako, don oksijin ya janye hankalin sarki gaba ɗaya. Shi ke saurin tashi idan baƙo ya zo.

A ido, gari ne mai laushi, rawaya kamar ɗorawa, wani lokaci da ɗan kore-kore gwargwadon yadda aka haɗa shi. Nauyin mol ɗaya gram 833.1 ne, kuma reniyam ɗin da ke ciki kashi 22.3 ne kawai cikin ɗari. Ki riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a ruwan ita (ether), a giyar etanol mai sanyi ma da ƙyar. A kulorofom, dayikulorometen, benzin da toluwin yana ɗan narkewa kaɗan kaɗan. Idan aka ɗora shi a wuta ba ya narkewa lafiya, da ya ɗan haura digiri 200 sai ya rushe. Muddin yana busasshe, iska ba ta yi masa komai. Ba ya buƙatar firiji, don haka ɗauke wuta ba zai ɓata miki shi ba. Kwalba mai murfi gam a cikin kabad mai duhu, ko a tukunyar busarwa lokacin damina, ta wadatar.

Masu binciken farko da suka haɗa shi sun zaci babu oksijin a jikinsa. A 1962 Joseph Chatt da abokin aikinsa Rowe a Ingila, da kuma ɗakin gwajin Geoffrey Wilkinson a Landan, suka tabbatar da ainihin tsarinsa. Hanyar haɗawa da mutanen Wilkinson suka wallafa a 1967 ita ake bi har yau da 'yan gyare-gyare.

Amfaninsa yana cikin saurin sallamar fadawansa. Fosfin ɗin nan, duk girmansu, ba su da naci. Da zarar kin kawo ligan mai hannu biyu ko uku, irin Schiff ɗinki mai nitirojin da oksijin, kin tafasa su tare a toluwin ko etanol, za su tashi su ba shi wuri, oksijin ɗin sarki kuwa yana nan daram. Za ki ga garin da ya ƙi narkewa yana shigewa cikin ruwa sannu a hankali, launi yana juyawa zuwa kore ko ja mai duhu. Wannan juyawar ita ce alamar farko cewa aiki na tafiya. A Jami'ar Nelson Mandela ta Afirka ta Kudu an yi shekaru ana irin wannan aiki da wannan sinadari, takardunsu za su yi miki amfani ƙwarai wajen kwatanta sakamako.

Sai dai a nan ne ɗalibai ke yin tuntuɓe, kuma ina so ki saurare ni da kyau. Fosfin da kika kora bai bar tukunya ba, yana nan yana yawo a cikin ruwa, kuma shi mayen oksijin ne. Idan tafasa ta yi tsawo zai iya juyowa ya fizge oksijin ɗin daga jikin reniyam, ya koma Ph3PO, ya bar miki reniyam mai daraja ta uku. A ruwan asetonaitiril da ƙarin fosfin ma da gangan ake yin haka don samun ReCl3(MeCN)(PPh3)2. Idan etanol kika yi amfani da shi, zai iya maye gurbin kulorin nan mai sako-sako, ki wayi gari da ligan da ba ki gayyata ba. Idan Schiff ɗinki na da amin da ya rage a sake, musamman irin na anilin, nitirojin ɗinsa na iya ture oksijin ya zauna a kujerarsa, ruwa ya fita. Sannan duk lokacin da ligan ya saki haidirojin ɗinsa ya kama ƙarfe, asid ɗin HCl na fitowa, shi kuwa asid da ɗan danshi sun isa su raba Schiff gida biyu, ya koma amin da aldehaid ɗin da kika haɗa shi da su. Shi ya sa ake ɗiga tirayetilamin kaɗan ya shanye asid ɗin. Idan ruwan narkarwa bai bushe ba kuma, reniyam biyu kan haɗu ta gadar oksijin, ko iska ta mayar da wani kaso zuwa farenet, wato ReO4 mai caji ɗaya. Ba don in karya miki gwiwa na jero waɗannan ba. Kowace karkata daga cikinsu sakamako ce da ake wallafawa, in dai kin gane abin da ya faru kin kuma tabbatar da shi.

Bayan wannan, ana amfani da shi a matsayin katalis mai ɗaukar oksijin daga wani sinadari ya miƙa wa wani. Da LiAlH4 kuma yana ba da ReH7(PPh3)2, reniyam ɗaya riƙe da haidirojin bakwai. Masu haɗa magungunan ɗaukar hoton ciki suna son sa don wani dalili daban: reniyam yana ƙarƙashin teknetiyam a rukuni na 7 na jadawalin sinadarai, girmansu kusan ɗaya, halinsu kusan ɗaya. Teknetiyam-99m da asibitoci ke amfani da shi rabinsa na ƙarewa cikin awa 6, ba a iya zama a nazarci tsarinsa a tsanake, sai a yi gwajin da reniyam. Idan kika ambaci wannan a babin farko na kundinki, za a ga dalilin aikin a fili.

Yanzu maganar kuɗi. Reniyam na cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a ɓawon ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin biliyan. Shi ne kusan na ƙarshe da aka gano cikin sinadaran da ke zaune a ƙasa: Walter Noddack, Ida Tacke da Otto Berg suka sanar da shi a Balin a 1925, suka raɗa masa sunan kogin Rayin. A 1928 sai da suka sarrafa kilo 660 na dutsen molibdinait kafin su tara gram ɗaya. Babu mahaƙar da aka buɗe don reniyam shi kaɗai. Ana haƙar jan ƙarfe, a ware molibdinait a gefe, shi kuma reniyam yana ɓoye a cikin molibdinait ɗin. Wato shi jikan haƙa ne, ba ɗa ba. Lokacin da ake gasa molibdinait a tanderu, reniyam na ƙonewa ya zama Re2O7, wanda ke tafasa a digiri 360, sai ya bi hayaƙi. A bututun hayaƙin ake tare shi da ruwa, a tace, a fitar da farin gishiri mai suna amoniyam farenet, NH4ReO4. A wannan siffa mafi yawan reniyam ke shiga kasuwa, kuma daga gare ta ake yin garin ƙarfen ta hanyar ƙona gishirin cikin iskar haidirojin.

Abin da duniya duka ke fitarwa a shekara wajen tan 60 ne, alhali zinariya ta haura tan 3,000. Kusan rabi daga ƙasar Cile yake fitowa, ta hannun kamfanin Molymet. Sai Folan ta kamfanin KGHM, da Amurka, da Uzbekistan, Kazakistan da Sin. Tunda yawansa ya rataya ne a kan yawan jan ƙarfen da aka haƙa, ko farashi ya tashi ba a iya cewa gobe a ƙara. Masu saye kuma manya ne. Wajen kashi uku cikin huɗu na tafiya ne cikin gaurayen nikel da ake zuba fukafukan cikin injin jirgin sama da shi, inda kashi 3 ko 6 na reniyam ke hana ƙarfe miƙewa a tsananin zafi. Shi kansa sai a digiri 3186 yake narkewa, tungistin ne kawai ya fi shi a cikin ƙarafa. Mafi yawan ragowar na zuwa matatun mai, a haɗa shi da filatinam don ɗaga ingancin fetur. Kamfanoni irin su GE, Rolls-Royce da Pratt & Whitney kan ƙulla yarjejeniyar shekaru da masu samarwa, kuma ba a cinikinsa a kasuwar ƙarafa ta Landan kamar jan ƙarfe. A 2008 kilo ɗaya ya haura dala 10,000, daga baya ya faɗi ƙasa da dala 2,000 ya daɗe a can. Abin da ɗakunan gwaje-gwaje na duniya ke amfani da shi bai wuce tsintar bayan girbi ba.

Duk da haka, 'yata, ƙarancin ƙarfen bai bayyana kuɗin da dillali ya faɗa miki ba. Mu yi lissafi. Mu ƙaddara kilo ɗaya na reniyam dala 2,000 ne, gram ɗaya dala 2 ke nan. Gram ɗaya na garinki yana ɗauke da gram 0.22 na ƙarfen, wato abin da bai kai rabin dala ba. Ko farashin ya ninka sau biyar, bai wuce 'yan daloli ba. Sauran kuɗin duk na hidima ne: wani ƙwararre ya tsaya ya haɗa ɗan kaɗan da hannu, aka gwada shi a injuna, aka ɗura a kwalba, aka ajiye a sito shekara da shekaru ana jiran mai saye ɗaya ko biyu. A kan wannan sai a ɗora kuɗin jirgi, kuɗin fito, canjin dala, da ribar dillali na farko da na biyu. Jiran watannin ma daga nan yake: idan ya ƙare a sito, sai an sa shi a layi an haɗa sabo.

Masu sayar da shi na asali kamfanonin kayan gwaji ne: Sigma-Aldrich da ke ƙarƙashin Merck ta Jamus, Strem a jihar Masacusets ta Amurka wanda ya shahara da haɗaɗɗun sinadaran ƙarafa, da Thermo Fisher da ta saye Alfa Aesar a 2015. Yawanci a ƙananan kwalabe na gram ɗaya ko biyar suke sa shi. Ba su cika sayar wa mutum a karan kansa ba, sai ta hannun jami'a ko wakilin da suka amince da shi, kuma shigo da sinadarai Najeriya na buƙatar izinin hukumar NAFDAC, abin da wakili na gaskiya ya riga ya mallaka. Kada ki yi oda da suna kawai, don kowane kamfani da yadda yake jera sunan, kuma akwai 'yan'uwansa masu kama da shi, kamar mai buromin a madadin kulorin da ReO2I(PPh3)2. Ki ba da lambar CAS, wato lambar rajistar da kowane sinadari ke da tasa, 17442-18-1. Ki nemi takardar shaidar gwaji ta ainihin rukunin da za a aiko miki, lambar da ke kanta ta dace da ta jikin kwalba, tare da takardar bayanin haɗari. Kwalba ta zo da hatiminta ba a ɓalle ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka idan saye za ki yi, ki tura oda tun kina rubuta babin farko.

Na taɓa karɓar wata kwalba da ta biyo ta hannun dillali, an sake mata takarda, garin ciki ya yi fari-fari fiye da yadda na saba gani. Da muka sa shi a injin IR, mai nuna kowane ɗauri a matsayin layi a wata lamba, layin da ya fi kowane tsayi a kusa da 1190 yake, muryar Ph3PO ke nan. Muka wanke shi, kaso mai yawa na abin da aka biya kuɗinsa ya bi ruwan wanki. Tun daga ranar ba na buɗe aiki da kwalbar da ban gwada ba, ko daga ina ta fito. Gani ya kori ji. Na ƙwarai zai nuna miki layi mai ƙarfi siriri a kusa da 970, shi ne ɗaurin reniyam da oksijin. Layi mai faɗi tsakanin 900 da 920 yana nuna farenet ya shiga. Idan kin sami damar NMR na fosfaras, Ph3PO na fitowa a wajen +29 a kulorofom, fosfin da ke sake kuma a wajen −5. A injin auna nauyin ƙwayoyi kuwa reniyam ba ya ɓuya: duk guntun da ke ɗauke da shi yana fitowa da layi biyu, tazarar biyu a tsakaninsu, na baya ya fi na gaba tsayi, daidai da rabon 37 da 63 da na faɗa miki a farko.

Shawarata ta gaskiya ita ce ki zauna da malaminki ku duba yiwuwar haɗa shi da kanku. Wannan na cikin sinadarai mafi sauƙin haɗawa a duk fannin, yini ɗaya ya isa. Abin da za ku saya shi ne amoniyam farenet, lambar CAS ɗinsa 13598-65-7, farin gishiri mai kama da sukari, wanda ba ya lalacewa kuma kashi 69.4 cikinsa reniyam ne. Nauyin mol ɗinsa gram 268.2 ne, na garinki 833.1, don haka a lissafi gram ɗaya na gishirin zai ba ki gram 3.1 na garin rawaya, kuma hanyar kan ba da sama da kashi 90 na abin da aka lissafa idan hannu ya faɗa. Mafi yawan ƙarin nauyin daga fosfin ne, shi kuwa mai araha ne, da wuya a rasa shi a sashen kimiyya. Ga yadda haɗuwar take, bayan asid ya mayar da gishirin HReO4:

HReO4 + 3HCl + 3PPh3 → ReOCl3(PPh3)2 + Ph3PO + 2H2O

Ki lura fosfin uku ake buƙata, biyu su zauna a fada, na ukun ya ɗauke oksijin ɗaya ya sauko da reniyam daga daraja ta bakwai zuwa ta biyar. Ga gram ɗaya na gishiri, mafi ƙarancin fosfin gram 2.9 ne, amma ana zuba fiye da haka sosai don kada wani reniyam ya tsira. Ki tuna famanganet mai launin shunayya da kika yi gwajin ɗiga da shi a sakandare, wanda ke cinye duk abin da ya taɓa? Farenet ɗan ɗakinsa ne, tsari ɗaya, amma shi fari ne kuma mai sanyin hali. Shi ya sa a wannan haɗin fosfin ke sauko da shi mataki biyu kawai ya tsaya cak, ba ya zarcewa ƙasa.

A aikace, ana narkar da gishirin a asid ɗin HCl mai kauri da ɗan ɗumi. Idan farin amoniyam kulorayid ya kwanta a ƙasa a tace shi. A wani fulas ɗin an riga an zuba fosfin cikin asid ɗin asetik marar ruwa ana juyawa. Sai a riƙa ɗiga na farko cikin na biyu. Ɗigon farko kawai, farin ruwan zai ɗauki kore, kafin ki gama ɗigawa rawayan gari ya fara sauka yana zagaya fulas kamar an kaɗa kamu. Ni har yau idan na ga wannan sauyin raina na yin fari. A bar shi yana juyawa kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a tace a matacin gilashi, a wanke da asid ɗin asetik ya tafi da Ph3PO, a bi da ruwan ita ya kwashe ragowar fosfin da asid, a busar. Ainihin awon kowane abu ki ɗauko shi daga hanyar da aka wallafa, kuma karon farko ki gwada da kashi ɗaya cikin biyar na gram, malaminki na tsaye.

Duk wannan a cikin akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki za a yi shi, da tabarau da safar hannu, domin tururin HCl da na asetik na ƙona huhu da ido, fosfin kuma na sa wasu ƙaiƙayin fata. Akwai abu biyu da littattafan Turai ba za su gaya miki ba don yanayinsu daban. Ruwan ita na tafasa a digiri 34.6, zafin ɗaki a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya wuce haka, tururinsa kuma yana bin ƙasa ya je ya sami wuta a nesa. Ki yi wankin da sassafe, babu wuta a kunne ko'ina a ɗakin, kwalbar a cikin ruwan sanyi. Shi kuma asetik marar ruwa yana daskarewa a digiri 16.6, don haka idan kin shigo da safiyar hunturu a Jos ko Zariya kin tarar da shi kamar ƙanƙara, bai lalace ba, ki sa kwalbar a ruwan ɗumi.

Ko kin saya ko kin haɗa, ki yi aiki da ƙanƙanin awo. Miligiram 100 na garin milimol 0.12 ne, kuma ya isa gwaji ɗaya har a sami ƙwayar kiristal. Gram ɗaya gwaji goma ke nan. Ki fara daidaita ligan ɗinki, ki tabbatar da tsarkinsa, kafin ki taɓa reniyam.

Kuma tun ranar farko ki ware kwalba ɗaya ki rubuta mata suna, duk ruwan tata, takardar tacewa da gwajin da ya ƙi su shiga cikinta. Reniyam ba ya ƙarewa, kaya kawai yake sauyawa, kuma dawo da shi ba wuya. A bar ruwan narkarwa ya bushe ƙarƙaf tukuna, domin haidirojin feroksaid idan ya haɗu da aseton ko ruwan ita yana haifar da abin da ke fashewa, wannan ba wurin gaggawa ba ne. Busasshen saura ake yi wa feroksaid kaɗan kaɗan har komai ya koma farenet marar launi, a tafasa a kori ragowar feroksaid, a tace, a rage ruwan, sannan a zuba fotasiyam kulorayid a sanyaya. Fotasiyam farenet ba ya son ruwa, kusan gram ɗaya kawai ke narkewa a mililita 100, a sanyi ma ƙasa da haka, don haka zai kwanta fari tas, a shirye don sabon zagaye. A ƙarshen digirinki wannan kwalbar za ta iya ɗaukar nauyin ɗalibin da zai biyo bayanki.

Idan kin sami hoton IR na farko, na garin da kika saya ko wanda kuka haɗa, ki aiko mini da lambobin da suka fito tsakanin 850 da 1250, tare da sunan amin da aldehaid ɗin da kika yi Schiff ɗinki da su, mu duba ruwan narkarwar da ya fi dacewa da shi. Ki gaishe mini da malaminki.